Darasin Faɗuwa a Bayan Rumbun Baba

Shekarun baya na kai ga wata matsaya da har yau ban ga masanin da ya rushe ta ba: duk ilimin da ɗan Adam ya tara tun farkon duniya kashi biyu ne, sanin yadda ake tsayuwa da sanin yadda ake faɗuwa. Lakkol, wato makarantar boko, kashi na farko take koyarwa, shi ma rabi da rabi. Na biyun kuwa a kan buhunan ƙaiƙayi na koye shi, ina da shekara talatin da takwas, da tumbi, da takardun shaida guda biyu a cikin akwati.

Lokacin ina koyar da tarihi a wata kwalej a Filinge. Ban san abin da ya same ni a shekarar nan ba. Hankalina ya zama kamar akuyar da ta tsinke igiya ranar kasuwa. Sai in karanta shafi ɗaya sau uku, in rufe littafin ban san wa ya ci wa da yaƙi ba. A aji kuma abu kaɗan sai in hau faɗa. Ranar da na jefi allo da tsumman goge alli don kawai wata ɗaliba ta yi tari ina tsakar bayani, na koma gida na zauna ina jin kunyar kaina. Abokina, wanda ke koyar da lissafi a kwalej ɗin, shi ya ce in biyo shi wurin judo, wato kokowar mutanen Japan. Na ce masa ni mutum ne mai karatu. Ya ce ai ya ga abin da karatun ya yi wa allo.

Mai horar da mu tsohon jandarma ne da ya ajiye aiki, gajere, mai sanƙo, a Yamai ya koyo abin tun yana saurayi. Metir muke ce masa, wato malam da Faransanci. Ba mu da irin katifun nan da ake gani a tele. Buhuna aka cika da ƙaiƙayin gero aka jera, aka ja tampol a kai, shi ke nan fili ya samu. Bayan la'asar muke haɗuwa. Kafin a fara komai sai mu durƙusa a jere, mu rufe ido, kowa ya ƙirga numfashinsa har goma. In tunani ya sace ka a hanya, ka koma ɗaya. Na yi sati uku ban wuce huɗu ba. Ni da nake raba wa 'ya'yan mutane sifili da jan biro.

Daga nan sai faɗuwa. Wata uku cur ba a koya mana komai ba sai ita.

"Haɓa a ƙirji," in ji metir. "Kada ka miƙa hannu ka ce za ka tare ƙasa, ta fi hannunka ƙarfi. Ka bar bayanka ya naɗe, ka mari tampol da duk tsawon hannu, ka saki numfashi. A sake."

Wata rana na gaji na tambaye shi yaushe za a fara koya mana kayar da mutum.

"Mushe," ya ce, don haka ake kiran malaman lakkol a wajenmu, "kai in yaro bai iya riƙe alƙalami ba, kana sa shi rubuta wa gwamna wasiƙa?"

Na ci gaba da faɗuwa. Kuma gaskiya abin ya yi mini amfani. A hankali na kai goma. A hankali na lura in raina ya fara tafasa a aji, akwai ɗan lokaci, bai fi na haɗiye yawu ba, da zan iya tsayawa a ciki kafin bakina ya buɗe. Da can ban san da wannan ɗan lokacin ba. Allo ya samu lafiya.

To amma akwai mahaifina.

Mahaifina ɗan kokowa ne a zamaninsa. In kaka ta yi, an ɗaure gero an kai rumbu, sai ya sa walki da layunsa ya bi makaɗa gari gari, daga Bonkuku har Sanam. A kokowarmu doka ɗaya ce: wanda gwiwarsa ko bayansa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi, magana ta ƙare. Tsofaffin ƙauyenmu sun ce ba su taɓa ganin yashi a bayan mahaifina ba. Ni malamin tarihi ne, na san yadda tsofaffi ke yi da tarihi, amma ban taɓa samun wanda ya ƙaryata ba.

Sannan ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san ma'anar wannan. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dafa kaina ba, ba ya yi mini magana kai tsaye in da hali. Mahaifiyata ma haka. Kunya ce, kuma a ciki na girma, ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. In suna son in ji magana, sai su yi ta a tsakaninsu ina zaune a wurin kamar turmi.

Haka aka yi ranar da labarin judo ya isa ƙauye. Na je gaisuwa ran Asabar, tafiyar rabin awa ce a babur. Ina zaune a gefen tabarma, ya dubi mahaifiyata.

"An ce wani mutum shina tahiya wurin wani jandarma ana koya mishi hwaɗuwa."

"Haka ni ma na ji," in ji ta.

"Hwaɗuwa. Abin da jinjiri ya iya ba malami."

Na sunkuyar da kai na ƙirga numfashi. Na kai bakwai.

A bazarar da ta biyo ne abin ya faru. Mahaifina ya haura saba'in, amma ba ya fashin kasuwar dabbobi ta Filinge. Ba saye yake zuwa yi ba, zuwa yake ya kushe ragunan mutane ya sha hira. Ran nan ƙafarsa ta sarƙe da igiyar wata tunkiya, ya tafi da baya, ya kwanta warwas a gaban kowa. Waɗanda suka gani sun ce ya daɗe yana ta yunƙurin miƙewa ba tare da ya sa gwiwa a ƙasa ba, ya kasa. Wanda ya zo ya ɗaga shi kuwa, cikin duk mutanen kasuwar, sai tsohon abokin karawarsa, wani mutumin Bonkuku da ya sha kaye a hannunsa suna samari. Yana ɗaga shi yana kaɗe masa riga yana cewa, "Shekara hamsin ina neman wagga rana, ashe igiyar tunkiya za ta riga ni." Aka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, irin wasan da suka saba ne. Mahaifina ya juya musu baya. Ya koma gida, ya shiga ɗaki, ya saki asabari.

Sati ɗaya, sati biyu, wata guda. Salla a ɗaki, abinci a ɗaki. Masu zuwa dubiya ana ce musu yana barci. Na ɗauko majo, babban ma'aikacin jinya, daga likitar gari, wato asibitinmu, ya duba shi, ya ce ba karaya, ba targaɗe. Da muka fito zaure sai ya rage murya.

"Mushe, ƙashinsa lafiya lau. Amma in ya ƙara wata biyu a kwance, ƙafafun nan za su manta aikinsu. A shekarunsa kuwa in sun manta ba sa tunowa."

To ka ji abin da ke gabanmu. Ko ya fito, ko ɗakin nan ya riƙe shi har ƙarshe.

Na yi abin da na iya, wato darasi. Na tsaya a bakin ƙofarsa na gyara murya, na yi bayani mai gabatarwa da gundari da kammalawa. Na ce a ƙasar Japan faɗuwa ba abin kunya ba ce, manyan gwanaye ma da ita suke farawa kowace rana. Na ce jiki kamar kwando yake, in ya naɗe ba ya fashewa. Na kawo misalai daga tarihi. Yana kwance ya ba ni baya, yana fuskantar bango. Da na gama, ya ɗaga murya ya kira mahaifiyata.

"Wa ya bar radiyo a kunne?"

Na fito tsakar gida na zauna a kan kujerar tsugunno. Mahaifiyata tana tankaɗe. Ba ta dube ni ba, ƙwaryar take yi wa magana.

"Wasu mutane sun yi karatu har Yamai, amma ba su san mai gidan ga ba shi karɓar koyarwa. Shi dai ya ga ana ɓarna gabanai, ya tashi ya gyara. Tun da ni san shi haka yake."

Ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ita ta yi magana ba.

Asabar ta gaba na goyo abokina mai lissafi a babur, da kimononmu, fararen rigunan nan masu kauri da ake judo da su, a cikin buhu. Muka kwaso yashi muka zuba a bayan rumbu, inda zana ta kare mu daga maƙwabta amma ƙofar mahaifina tana kallo sosai. Muka sa kaya muka kama juna. Mun shirya za mu riƙa yin kuskure da gangan. Ba mu sha wahala ba wajen wannan, don kuskuren da muke da shi na gaskiya ya wadatar.

Ranar farko asabari bai motsa ba. Asabar ta biyu muka ji tari. Ta uku, muna cikin ja-in-ja kamar mata biyu na rigima a kan zane, sai murya ta fito daga ɗaki.

"Wanga riƙo na mi ne? Tuwo ake ɗauka?"

Muka yi kamar ba mu ji ba. Abokina ya ƙara lalata riƙonsa, har ya kama ni a gwiwar hannu da 'yan yatsu biyu. Asabari ya ɗaga. Ga mahaifina a tsaye ya dafa bango, ya rame, idonsa na ƙyafta saboda haske. Ya bi bango, ya bi gindin rumbu, yana jan ƙafa, har ya iso yashin.

"Kai, mai lissahi, gusa."

Abokina ya gusa. Mahaifina ya miƙo hannu ya cafki wuyan rigata, ɗaya hannun ya kama ɗamarata ta baya. Iyakar sanina, ranar ce ya fara taɓa ni. Na ji hannun yana rawa, na ji warin ɗaki da na man zafi a jikinsa, na ga furfurar da ke cikin kunnensa. Ban san inda zan sa idona ba. Shi ma bai dube ni ba, ƙafafuna yake kallo, kamar yadda yake kallon ragon da zai kushe.

Sai ya juya ƙugu. Ƙarfin ya tafi, amma juyin yana nan daram inda ya bar shi. Na taimaka kaɗan, ba zan faɗi ko nawa ba. Na tashi sama, na sa haɓa a ƙirji, na mari yashi, na miƙe.

"A sake," ya ce.

Aka sake. Sau biyar ya kayar da ni a ranar, yana haki, yana gaya wa abokina inda kuskurena yake. A na biyar ɗin, ina kaɗe yashi, ya tsaya yana dubana.

"Ba ka jin zahi?"

Ni ya tambaya. Ba rumbu ba, ba abokina ba. Na ce, "A'a, Baba." Muryata ta fito wata iri, sai na yi kamar yashi ne ya shiga mini maƙogwaro.

Da aka ba da babban hutu na tattara na koma ƙauye. Kullum da hantsi, in ya sha fura, sai mu zagaya bayan rumbu ya kayar da ni. Damina ta sauka, gero ya fara rufe ƙasa, ƙafafunsa suka fara dawowa. Ya daina bin bango. Amma bai taɓa wuce zaure ba. In ya kai bakin ƙofar waje sai ya tsaya, ya dubi hanya, ya ce rana ta yi zafi, ko da hadari ne a sama. Na gane ƙafa ta warke, abin da ya rage shi ne tambayar da ba zai iya yi wa kowa ba: in abin ya sake faruwa a gaban mutane fa?

Wata safiya an kwana ana ruwa, yashin ya yi laushi. Ya kama ni, ya juya, ƙafarsa ta zame. Muka tafi tare. Na ji faɗuwarsa a gefena, dim.

Sautin daka da ke fitowa daga tsakar gida ya tsaya.

Duk jikina ya ce in zabura in ɗaga shi. Har na kafa hannu. Sai ɗan lokacin nan da na koya a kan tampol ya zo mini, na tsaya a cikinsa, na tuna kasuwa, na tuna hannun da ya ɗaga shi ana dariya. Na janye hannuna. Na koma na kwanta a yashin kusa da shi, na fara ƙirga. Ɗaya. Biyu. Ina jin numfashinsa, da sauri da farko, sannan ya fara lafawa. Na kai goma na koma ɗaya. Ban taɓa yin ƙirgan da ya kai wannan tsawo ba.

Muna kwance mu biyu, fuskokinmu na kallon ƙarƙashin rumbu.

"Gara ta ci itacen ga," ya ce.

Na duba. Gaskiya ne, ɗaya daga cikin itatuwan da rumbun ke zaune a kai ya zama gari.

"Za a canza shi, Baba."

"Daga tsaye ba a gani."

"Ba a gani."

Wata kaza ta zo ta dube mu ta wuce.

"To shi jandarman naku," ya ce, yana kallon rumbu, "in an hwaɗi, ƙaƙa ya ce a tashi?"

Na nuna masa a hankali, ban yi gabatarwa ba. A mirgina a kan gefe. A kafa tafin hannu. A jawo gwiwa a sa ta ƙasa. A kafa ɗaya ƙafar, a dafa cinya, a miƙe.

"Gwiwa?"

"Gwiwa, Baba."

"A ƙasa?"

"Ba makaɗi a nan. Daga ni sai kaza."

Ya ɗan yi wani sauti ta hanci, wanda a wurinsa dariya ce. Ya mirgina. Ya kafa hannu. Ya daɗe a haka, sannan na ga gwiwar nan da aka yi wa kirari a garuruwa ta sauka a kan jiƙaƙƙen yashi, ta bar rami ɗan ƙarami. Ya dafa cinya ya miƙe shi kaɗai. Ya tsaya yana kallon ramin.

Daka ya ci gaba a tsakar gida, da ƙarfi fiye da yadda geron yake buƙata.

Daga ranar aka juya darasi, ko da yake ba a taɓa kiransa darasi ba. Shi cewa yake yana binciken kurakuran jandarma. Daga tsugunne muka fara, ya sa haɓa a ƙirji ya mirgina baya. Marin ƙasa ne bai taɓa yarda da shi ba. "Mi ƙasa ta yi maka da za ka mare ta? Ita ka ci da kai." Yana yi dai, amma a hankali, kamar mai lallashin jaki. Haɓar kuma rabin lokaci sai ya manta, in na tuna masa ya ce wuyansa ne, ba na jandarma ba.

Ana saura kwana kaɗan a koma lakkol, ranar kasuwa, na fito na tarar da shi a tsakar gida cikin babbar riga da rawani. Ya dubi mahaifiyata.

"A gaya ma mai babur ina da buƙata Filinge."

Na goya shi. Duk hanya hannunsa na kan kafaɗata, ni kuma ina tuƙi kamar na ɗauko ƙwai. Da muka isa ya sauka ya nufi wajen tumaki kai tsaye, yana ɗaga ƙafa a kan kowace igiya da kyau. Mutane suka fara taɓa juna. Mutumin Bonkuku yana nan zaune a kan buhun dusa, ya hango shi ya tashi.

"A'a! An sako ka? In ramuwa ka zo, tunkiyar an sai da ita tun tuni."

"Na zo in ga ko ka yi ƙiba da nasarar da igiya ta ci maka."

"Kai dai faɗi gaskiya gaban jama'a. Bayanka ya sha ƙasa, da idona ni gani."

Kasuwar ta yi tsit a wajen.

"Ya sha," in ji mahaifina. "Kuma na ji daɗinta. Ashe shekara da shekaru kana can ƙasa kana hutawarka, ba ka taɓa gaya mini ba."

Aka fashe da dariya, mutumin Bonkuku ya fi kowa, har yana share ido da bakin rawani. Ya kamo hannun mahaifina ya zaunar da shi a kan buhun, suka shiga kushe wani rago da mai shi ke tsaye a wurin. Ba wanda ya sake bi ta kaina. Na koma gindin wata bishiya na tsaya riƙe da makullin babur, ina kallonsu.

Yanzu in na waiwaya, nakan ga na je wurin metir ne don in gyara hankalina saboda aji da allo, ashe duk wata ukun nan na faɗuwa da ƙirgan numfashi ana tanadar mini su ne saboda safiya ɗaya, don in iya kwanciya a yashi in bar mahaifina ya tashi da kansa. Har yau ina zuwa judo, ko da yake ɗamarata, wadda launinta ke nuna matsayin mutum a judo, ba ta yi nisa ba, kuma har yau in wani ya cafki wuyan rigata da hannu mai rawa, sabon shiga ko mai tsoro, sai in tuna da bayan rumbun nan. Sunana dai bai taɓa kira ba har muka rabu. Ban kuma jira ba. Nakan gaya wa ɗalibaina, da muryar nan tawa ta darasi, cewa wanda ya iya faɗuwa ya gama da tsoro, kuma mahaifina ne hujjata.

Allah ya jiƙansa, shekara shida ya yi bayan nan yana zuwa kasuwa duk sati. Bai sake faɗuwa ba ko sau ɗaya, don haka har yau ban sani ba ko ya iya.